A Kai Ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum Su Shiga Jirgi

A shekarar 1992 ƙungiyar EAA da ke garin Oshkosh a Amurka ta ɓullo da wani shiri mai suna Young Eagles. Matuƙan ƙananan jirage ne ke sa kai, su sayi mai da kuɗinsu, su ɗauki yara 'yan shekara 8 zuwa 17, su zaga da su sararin sama na kimanin minti 20. Ya zuwa 2016 sun ɗauki yara miliyan 2.

Ɗalibinmu na Gummi ko Anka ko Bukkuyum kuwa, a jikin allo kaɗai yake gamuwa da darasin. Iskar da ke bi ta saman fiffike ta fi ta ƙarƙashinsa sauri da ƙarancin matsi, fiffiken kuma yana karkatar da iska ƙasa, sai jirgi ya ɗaga. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta. Jirgin da ya sani shi ne mai wucewa can ƙololuwa, sau da yawa ma na soja.

Wani zai ce makarantar da ba ta da rufin kirki, ina ita ina jirgi? Da gaskiyarsa, kuma masu jirgin kansu ba su da yawa a ƙasar nan. Amma ai muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, wadda aka kafa a 1964, ga ƙananan jiragen koyo, ga malamai. A ganina, gwamnatin Zamfara ta ɗauki nauyin mai da mota, kwalejin ta ware 'yan kwanaki a shekara, kowace sakandare ta tura ɗalibai biyu, mace da namiji, tare da malamin kimiyya. Shi ma malamin a ba shi kujera, don shi zai koma aji ya yi wa saura bayani.