Manhajar ƙera na'ura da ba ta aiki a waya ba ta iso Yauri ba tukuna

A ce wani matashi a Yelwa yana son haɗa 'yar na'urar da za ta yi ƙara idan kaya suka yi wa jirgin ruwa yawa. A gaɓar tafkin Kainji wannan ba wasa ba ne, domin har yau ba a manta da jirgin da ya nitse da ɗimbin fasinjoji kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayun 2021 ba. Kayan haɗin ba su da yawa: 'yar ƙwaƙwalwar ESP32, abin auna nisan ruwa, ƙararrawa da batir.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajoji. Zai zana allon a KiCad, ya rubuta umarni a Arduino IDE, ya je Wokwi ya gwada, kuma babu wadda ta san abin da 'yar'uwarta ke ciki. Idan ya sauya wa waya ɗaya mazauni a zane, sai ya tuna ya gyara umarnin da hannunsa. Ya manta, na'ura ta ƙi aiki. Ya yi kuskuren haɗa wuta, ta ƙone, sai jiran wata daga Kano ko Legas.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan matsala. Aikin Ptolemy na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya faro tun wajajen 1990, SystemC kuma ya samu amincewar IEEE a 2005. Burinsu a bayyana na'ura sau ɗaya, a gwada ƙarfenta da umarninta tare kafin a kashe ko kwabo.

Buri ne mai kyau, sai dai an ɗinka rigar ne daidai jikin injiniyan babban kamfani, mai kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa. Matashin Shanga wayar Android gare shi, da data ta awo. Wokwi na buɗewa a waya amma sai da intanet. ArduinoDroid na loda umarni ta igiyar OTG amma ba ya zana allo.

Shi ya sa ya kamata masu binciken, musamman na jami'o'in Najeriya, su sauya ma'auni. Haɗaɗɗiyar manhaja ta zauna a waya mai araha, ta yi aiki ba data, kuma ta faɗa wa mai ita cewa wannan haɗin zai ƙona ESP32 tun bai jona batir ba.