Filin Mata: Kitso Mai Tsauri Shi Ke Cin Goshi

Wata ma'aikaciya a Bompai ta kawo mini kuka, wai gashinta ya yi shara-shara, goshi ya fara haske, albashi kuwa ya ƙare a sayen mayuka. Irinta suna da yawa a Sharaɗa da Chalawa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mai fita aiki da sassafe ba ta da sukunin kitso kowane mako, sai ta ce wa makitsiya, "Ja shi sosai, ya kai mini wata." Jan nan shi ke raunana saiwar gashi. In kuwa saiwa ta mutu, ba man da zai tashe ta.

Saboda haka ki sa a sassauta hannu, a yi manya-manya. Ki wanke da karkashi, ki shafa man kaɗanya kaɗan, gama mai da yawa kwantar da gashi yake yi. Ki ci hanta da wake da zogale, don ƙarancin jini yana zubar da gashi.

Sai haƙuri, gashi kamar santimita 1 yake ƙaruwa a wata. In zubar ta wuce wata 6, je asibiti a auna jininki.

Sai mako mai zuwa.