Kangon Injin Rake Shaida Ne, Kada Mu Toshe Masa Baki

Akwai wata magana da ta kama bakin dattawan ikkilisiyoyinmu na Sabon Zongo da Nima da Mamobi. Da zarar yaro ya ta da zancen cinikin bayi, sai a ce masa, "Abin da ya wuce ya wuce, kada ka ɓata sunan waɗanda suka kawo mana bishara." Ni ban yarda da wannan magana ba. Yaron da aka hana shi amsa a ɗakin sujada zai same ta a teburin mai shayi, a bakin wanda zai ce masa addininsa na masu bulala ne. A ranar nan ba shi da ta cewa, gama mu ne muka sallame shi hannu wofi.

Ga shaidar da nake so a kira. A hayin teku, a tsibirin St. John wanda dā yake hannun Turawan Denmak, akwai kangon wata gonar rake mai suna Annaberg. Abin da ya fi tsayawa a cikinsa hasumiya ce ta dutse, tsawonta ya kusa ƙafa 40, an gina ta tsakanin 1810 da 1830. A tsibirin St. Croix na kusa da shi, irin waɗannan hasumiyoyi sun fi ɗari. Baƙi suna zuwa suna ɗaukar hoto a gindinsu, suna yaba kyan wurin.

To, mene ne aikinta? Wanda ya taɓa ganin yadda ake mazarƙwaila a ƙasar Zazzau ya san doki ke juya injin matse rake. A can iska ce take juyawa. Fukafukai huɗu a kan hasumiya suna juya gungume, gungumen yana juya manyan ƙarafa uku da ke tsaye a jere. Mutum yana cusa rake a tsakaninsu da hannu, ruwan yana bin kwata zuwa ɗakin dahuwa, inda ake tafasa shi a manyan tukwane har ya zama sukari. Raken da aka sare ba ya jira, in ya kwana biyu ya yi tsami, saboda haka a lokacin kaka aiki ba dare ba rana. Doki in an ja linzami ya tsaya, amma iska ba ta jin tsawa. In gyangyaɗi ya ɗauki mai cusawa, ƙarfe ya kama yatsansa, zai ja hannu har kafaɗa. Don haka a irin waɗannan injuna akan ajiye adda kusa, a datse hannun kafin injin ya haɗiye mutumin.

Hannun wa? Da yawa daga cikin mutanen nan ta Osu suka fita, ta gidan dutsen Christiansborg da 'yan Denmak suka riƙe tun 1661, nan cikin Ankara, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga ƙofofinmu. A 1733 mutanen Akwamu da aka sayar zuwa St. John suka yi tawaye, suka riƙe tsibirin wajen wata shida, sai da aka kawo sojan Faransa a 1734 aka murƙushe su. 'Yanci kuwa bai zo a kan faranti ba. Ran 3 ga Yuli 1848 dubban bayi suka taru a Frederiksted ta St. Croix, suka tilasta wa gwamna Peter von Scholten ya yi shelar an 'yanta su.

Wani zai ce wannan labarin nesa ne. To, ya shiga mota daga Madina zuwa Abokobi, ya tambayi hanyar Sesemi. Denmak ta yi dokar hana fitar da bayi a 1792, dokar ta fara aiki a 1803. Sai dabara ta sake: maimakon a kai bawa gona, a kawo gona wurin bawa. A gindin duwatsun Akuapem aka buɗe gonaki, ɗaya daga cikinsu Frederiksgave, wadda gwamnatin Denmak ta mallaka a farkon shekarun 1830, aka shuka kofi da gumin bayi. Ba a daɗe ba gonar ta mutu, a 1850 kuma Denmak ta sayar wa Ingila duk abin da take da shi a bakin tekun nan a kan fam 10,000. An gyara gidan gonar a 2007, yana nan mai ido ya gani.

Yanzu ga inda dattawa suke so in yi shiru. Ikkilisiya tana da hannu. A 1710 Christopher Codrington ya bar wa ƙungiyar mishan ta Ikkilisiyar Ingila gonakinsa na rake a Barbados tare da bayin ciki. Ƙungiyar ta karɓa, ta ci ribar fiye da shekara ɗari, har akwai lokacin da aka riƙa lalas da sunanta a ƙirjin bayin da ƙarfe mai zafi. 'Yan mishan na Morabiya da suka isa St. Thomas a 1732, su ma sun sayi gona da bayi. A 2006 Ikkilisiyar Ingila ta nemi gafara a fili. In mai laifi ya amsa laifinsa da bakinsa, mu a kan me za mu tsaya muna rantse masa? Mu da muke koya wa yara furta zunubi kowace Lahadi, ashe zunubin manya ba ya furtuwa?

Kuma mai ɓoye rabin labari yana asarar ɗaya rabin. An haifi Rebecca Protten cikin bauta a Antigua, ta sami 'yanci, ta yi ta bin gonakin St. Thomas tana wa bayi wa'azi, har aka jefa ta kurkuku a 1738. Daga baya ta auri Christian Protten, haifaffen Osu, ta zo Christiansborg tana koyar da yara, nan ta rasu a 1780. Mishan na Basel ya iso a 1828, ya yi shekaru yana binne ma'aikatansa ba tare da ya ga amfanin kirki ba. Aikin bai kafu ba sai a 1843, da aka kawo Kirista baƙaƙe 24 daga Jamaika da Antigua zuwa Akropong, 'ya'ya da jikokin masu aikin rake. Bisharar da ta yi saiwa a ƙasar nan ta biyo ta hannuwan da injin bai cinye ba. Wannan ita ce amsar da yaronmu yake bukata, amma ba za ka iya ba shi ita ba sai ka fara da hasumiyar.

Mai gori a teburin shayi kuwa, shi ma ya duba bayansa. Kasuwar bayi ta Salaga ba Bature ne ya kafa ta ba, har wa yau akwai kasuwa a Ankara da take amsa sunanta. Babatu da mayaƙansa da suka watsa garuruwan Gurunshi a shekarun 1880 da 1890 ba daga jirgin ruwa suka sauko ba. Kakannin wasu da ke zaune a bencinmu ran Lahadi an kama su, kakannin wasu sun kama, wasu sun yi dillanci. Ban faɗi wannan don mu ci maƙwabtanmu da gardama ba. Kowa ya share ƙofar gidansa. Namu sharar kuwa tana nan: har yanzu akwai gidan masu bi da za a zo neman aure, a aika a binciko asali a ɓoye, a dawo a ce "jinin bayi ne," a hana. Mai yin haka ya rushe hasumiyar a baki, ya gina ta a zuciya.

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya kafa duwatsu goma sha biyu a Gilgal domin yara su gani su yi tambaya, iyaye su ba da amsa. Mu namu duwatsun an riga an kafa mana su. Shawarata ga dattawa da masu koyarwa ita ce, kowace ikkilisiya ta keɓe rana guda a shekara, a haɗa kuɗin mota, a kai 'yan makarantar Lahadi da matasa Sesemi da Osu. A gaya musu wanda ya saya, da wanda ya sayar, da wanda ya sa albarka, da wanda ya ƙi. Sa'an nan a dawo gida a soke binciken asali daga sharuɗan aure. Ubangiji ya ba mu ƙarfin hali.