Tsohuwar Kwamfuta Ma Makaranta Ce

Duk mai son fahimtar yadda kwamfuta ke aiki, ya kamata ya fara da Commodore 64, wadda aka fitar a Amurka a 1982. Da zarar ka kunna ta, harshen BASIC na jiran umarninka, kuma ma'ajiyarta kilobayit 64 ce kacal, don haka dole ka koyi tattalin kowane layi. Wasu za su ce wayar hannu ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, amma waya ɓoye aikinta take yi, wannan kuwa a fili take nuna shi. Babban haɗarinta shi ne tsohuwar na'urar wutarta, wadda kan ƙona kayan cikin kwamfutar, saboda haka a sauya ta kafin a jona. Wanda bai samu ba, manhajar VICE tana kwaikwayonta kyauta.