Kada A Hana Ɗalibi Mai Ciwon Sukari Filin Wasa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Maƙarfi da Kudan a lokacin yankan rake zai ga tururi yana tashi daga tukwanen mazarƙwaila, kamar yadda wanda ya shiga Ikara da rani zai ga kwandunan tumatir jere a bakin hanya. Mutanen wannan yanki da ƙarfin jiki suke neman abinci. Amma da zarar likita ya ce yaro yana da ciwon sukari, sau da yawa sai iyaye da malamai su hana shi ƙwallo da gudu da iyo, su zaunar da shi a gindin bishiya yana kallon tsararsa. Tausayi ne ke jawo haka, amma kuskure ne. Motsa jiki wani ɓangare ne na maganin wannan ciwo, sai dai a yi shi da sani.

Dalilin tsoron ba ɓoyayye ba ne. Irin ciwon sukarin da ya fi kama yara shi ne wanda jiki ke daina samar da sinadarin insulin, kuma ba shan rake ke kawo shi ba. Tun da aka gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, allurarsa ce ke riƙe da rayuwar irin waɗannan yara. To, idan tsoka tana aiki tana zuƙar sukari daga jini, ga allura kuma tana nata aikin, sai sukarin ya faɗi. Idan ya yi ƙasa da miligiram 70 a ma'aunin da asibitoci ke amfani da shi, yaro zai fara rawar jiki da zufa mai sanyi da jiri, har ya kai ga suma. A fili faɗuwa ce kawai, amma a cikin ruwa nutsewa ce.

Wannan haɗari ne ya sa aka ƙirƙiro na'urar da ke auna sukari dare da rana. An fara amincewa da irinta a Amurka a 1999, sannan a 2014 samfurin FreeStyle Libre ya fito a Turai. Faɗinta bai wuce na kwabo ba. Ana manna ta a bayan damtse, wani siririn zare kamar gashi ya shiga ƙarƙashin fata, ita kuma ta riƙa aika sakamako zuwa wayar hannu. Babban amfaninta shi ne tana nuna inda sukarin ya dosa, wato ko hawa yake yi ko sauka, abin da awon tsinin yatsa sau ɗaya ba zai nuna ba.

Duk da haka, tana da iyakoki uku da ya kamata mai wasa ya sani. Na farko, ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki ne, saboda haka takan yi jinkirin minti 5 zuwa 15. Yaron da ke gudu yana iya ganin 90 alhali jininsa ya riga ya sauka ƙasa da haka. Idan jiki ya faɗi wani abu, na'ura ta faɗi wani, sai a tsaya a auna da tsinin yatsa. Na biyu, zufa tana sassauta danƙon da ke riƙe ta, musamman a zafin Maris da Afrilu, don haka a manna ta a busasshiyar fata a ƙara filasta a kai. Na uku shi ne ruwa. Kamfanin da ke yin FreeStyle Libre ya ƙayyade zurfin mita 1 na minti 30, samfurin Dexcom G6 kuwa mita 2.4 na awa 24. Amma ko wacce iri ce, saƙonta ba ya ratsa ruwa zuwa waya, wato ƙararrawar gargaɗi ba za ta yi aiki ba a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Dole mai iyo ya riƙa fitowa yana dubawa, kuma kada ya shiga ruwa shi kaɗai. Kududdufi da rafi kuma suna da nasu haɗarin, na tsargiya da na rauni a ƙafa, wanda kan jima bai warke ba ga mai ciwon sukari.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Hunƙuyi da wannan na'ura, wadda ake sauyawa duk kwana 14, wato guda 26 a shekara, alhali insulin ɗin ma da ƙyar ake saye? Maganarsa tana kan hanya. Sai dai abin da ke tsare rai shi ne ƙa'idar, ba na'urar ba. Ba'amurken nan Gary Hall ƙarami ya kamu da ciwon a 1999, amma ya ci zinare a iyon mita 50 a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, ya sake ci a Atina a 2004, tun kafin wannan na'ura ta wadatu.

Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce. A auna kafin a fara. Idan sukarin bai kai 90 ba, a ci wani abu tukuna. Idan ya haura 250 kuma yaro ba ya jin daɗi, a fasa wasan. Idan alamun faɗuwa suka bayyana, a ba shi kimanin giram 15 na sukari, kamar cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, a jira minti 15 a sake aunawa. A nan ɗan gutsuren mazarƙwailar da ake tsoro ita ce mai ceto. Wanda ya suma kuwa ba a zuba masa komai a baki, asibiti za a garzaya da shi. Har ila yau, sukari yana iya faɗuwa cikin dare bayan wasan yamma, don haka malaman ɗakin kwana su lura.

Ya kamata kowace makarantar sakandare a Ikara da Maƙarfi da Kudan ta san ɗalibanta masu wannan ciwo, ta ajiye abin awo da sukari a bakin fili, ta kuma nemi iyaye su kawo shawarar likita a rubuce kan yadda za a daidaita allura ranar wasa. Yankin ba ya rasa masana, ga kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Wanda ya sami na'ura ya san iyakarta, wanda bai samu ba ya riƙe ƙa'ida, dukansu kuma a bar su su shiga fili.