Yawon Taurari Cikin Mota Mai Ɗaki: Yadda Mutanen Dakata Ke Kallon Shirin

Daga Wakilinmu

A 'yan shekarun nan gidajen telebijin na ƙasar Ingila sun riƙi wani salon shiri wanda ya karɓu ƙwarai wajen masu kallonsu. Sai a nemo wani mashahurin ɗan wasa, a ba shi wata ƙatuwar mota wadda aka shirya cikinta kamar ɗaki, da gado da murhu da makewayi, a haɗa shi da masu ɗaukar hoto, a ce ya kama hanya. Inda dare ya yi masa nan zai tsaya ya kwana. A 2019 tashar ITV ta fara nuna Bradley Walsh da ɗansa Barney suna ratsa Amurka cikin irin wannan mota. A 2021 tashar Channel 5 ta fito da nata, na Paul Merton da matarsa Suki Webster, ita kuma Channel 4 ta sa Miriam Margolyes da Alan Cumming suka zaga ƙasar Sikotlan. Ba abin mamaki ba ne da abin ya yawaita a 2021, domin a lokacin annobar korona ta tsare Turawa a gida, wanda ya saba zuwa hutu ƙasashen waje dole ya nemi abin yi a ƙasarsa.

Ba don mu aka shirya waɗannan shirye-shirye ba, amma wayar hannu ba ta san kan iyaka ba. Guntayensu suna isowa Kano, suna kuma shiga har unguwar Dakata, wadda ke maƙwabtaka da masana'antun Bompai, inda akasarin magidanta ko dai ma'aikatan kamfani ne, ko direbobi, ko masu injin casar shinkafa da matsar man gyaɗa, ko masu sana'ar ƙanƙara. Wasunsu kullum sai sun ratsa gari tun da asuba zuwa Sharaɗa ko Challawa. Ra'ayin irin waɗannan mutane a kan shirin ya cancanci a saurare shi, musamman ga jami'an da ke kula da yaɗa labarai da yawon shaƙatawa, domin abin da suke gani a cikinsa dabam yake da abin da Bature ke gani.

Shi Bature mai kallo, kukansa sananne ne. Yakan ce tauraron ba ya ba shi dariya, ko kuwa an shirya komai tun kafin a ɗauka, ko ya yi zargin cewa da an kashe na'ura sai 'yan wasan su wuce otal su bar motar a waje. Wasu kuma haushinsu shi ne a biya mai kuɗi lada don ya tafi hutu. Mutumin Dakata bai musa ko ɗaya daga ciki ba. Wanda ya tashi a garin da ake shirya finafinan Hausa ya san cewa bayan kowane hoto akwai mutum goma da ba a gani. Sai dai ba ya daɗewa a kan wannan. Tambayoyin da ke yawo a majalisu da teburan masu shayi su ne, man nawa motar ke sha, wa ya ba mutumin nan izinin barin aiki har mako biyu, kuma da wace irin zuciya mutum zai faka mota a gefen daji ya rufe ido har gari ya waye.

Mu ɗauki batun mai tukuna, tunda shi ne mai sauƙin lissafi. Ranar 29 ga Mayu, 1923 ba ta shafe mu ba, amma ranar 29 ga Mayu, 2023 kowa ya san ta, watau ranar da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin kwanaki kaɗan, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce N1,000. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta tsai da mafi ƙarancin albashi a kan N70,000, Jihar Kano ta ƙara ta mai da shi N71,000. To, mu ƙaddara ma'aikaci ya ari mota mai ɗaki zai kai iyalinsa gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, tafiyar da ta kai wajen kilomita 400. Zuwa da dawowa 800 ke nan. In babbar motar na cin kilomita 8 da lita guda, yana bukatar lita 100, watau N100,000 a farashin ƙarshen 2024. Albashin wata ɗaya da kusan rabi ya tafi a mai kaɗai, ba a ci abinci ba, ba a biya kuɗin shiga ba, taya ba ta fashe ba. Wanda ke ta lissafin kuɗin A-Daidaita-Sahu daga Dakata zuwa Sharaɗa ba ya bukatar alƙalami kafin ya gane wannan.

Batun hutu kuwa ya fi zafi, ko da yake ba a cika maganarsa a fili ba. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na aiki a matsayin hutun shekara tare da biya, bayan ya cika wata 12 yana aiki. A Ingila mai cikakken aiki doka ta ba shi kwana 28. Babban ma'aikacin gwamnati a nan yana da kwana 30, saboda haka mai karatu da ke ofis watakila bai san ciwon ba. Amma da yawa daga cikin masu aiki a masana'antunmu 'yan aikin yini ne, ba su da takardar ɗauka, ranar da mutum bai zo ba babu ko kwabo, in ya yi kwana uku bai zo ba ya tarar da wani a gurbinsa. Masaƙu da majemu da dama da suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa a shekarun 1970 da 1980 sun rufe, waɗanda suka rage suna fama da tsadar wuta, musamman tun da aka ɗaga kuɗin manyan masu amfani da ita zuwa N225 kan kowane ma'auni a Afrilun 2024. Inda masu neman aiki suka fi guraben yawa, wa zai buɗe baki ya nemi hutu? Ga irin wannan mutum, abin ƙawa a shirin shi ne ganin ɗan Adam ya wayi gari babu inda ake jiransa.

Direbobin manyan motoci su ne suka fi kowa yi wa shirin dariya, kuma suna da hujja. Wanda ya shekara 20 yana ɗaukar kaya daga Kano zuwa Ikko ko Fatakwal, motarsa ita ce ɗakinsa. Yana da tabarmarsa da butarsa da risho, yaron mota na dafa abinci a gindin taya, ana kwana a Mararrabar Jos ko Tafa. Abin da tauraro ke yi na mako biyu ana tafa masa, shi ne rayuwarsa, kuma babu wanda ya taɓa zuwa da na'ura ya tambaye shi abin da ya gani a hanya. Haka fatake suka yi kafinsa da jakuna, haka Fulani makiyaya ke yi har gobe. Ɗaukar gida a tafi da shi ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sabon shi ne a yi shi don nishaɗi.

Amma ko direban ya fi kowa sanin cewa ba ko'ina ake tsayawa ba, kuma nan ne maganar take. Dattawan da suka yi aiki a Bompai suna tuna lokacin da irin waɗannan motoci ke shigowa Kano da ƙurarsu. A shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon duniya kan tsallako daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su sauka a masaukin baƙi na gwamnatin jiha da ke Titin Bompai, su kafa tantuna, su gyara motocinsu, su shiga Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Wani ɗan ƙasar nan ma, Newton Jibunoh, ya ƙetare Sahara da mota daga Landan tun a shekarun 1960, ya kuma sake yi a 2000 da 2008. Yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992, da tawayen Buzaye a arewacin Nijar, su suka fara kashe wannan hanya. Ko tseren motocin Faris zuwa Dakar, wanda ya sha bi ta Agadas, an soke shi a 2008 saboda barazanar tsaro, aka mai da shi Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya.

Shi ya sa tafiyar Pelumi Nubi ta ja hankalin masu kallo a nan fiye da ta kowane tauraron Ingila. Wannan matashiya 'yar Nijeriya ta taso daga Landan a ƙarshen Janairun 2024 ita kaɗai, cikin ƙaramar mota Peugeot 107 wadda ta gyara cikinta ta sa shimfiɗa, ta iso Ikko ranar 7 ga Afrilu, bayan ta tsira daga haɗari a ƙasar Kwaddebuwa. Gwamnan Jihar Legas ya tarbe ta, ya ba ta sabuwar mota. Mutanen Kano sun yaba, amma sun lura da taswira. Ta Maroko da Muritaniya da Senegal ta biyo, ta gangaro ta bakin teku. Lokacin da ta taso, iyakarmu da Nijar a rufe take tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai a Maris na 2024. Kano, wadda ɗaruruwan shekaru ita ce zangon ayarin Sahara, ba ta kan hanya. A watan Afrilun 2024 dai Channel 5 ta nuna shirin Michael Palin a Nijeriya, kashi uku, dattijo ɗan shekara 80 wanda ya fara daga Ikko ya zo har Kano. An ji daɗin ganin gari a idon duniya, an kuma ji kunyar cewa sai baƙo ya zo ya nuna mana shi.

Ta kudu ma labarin bai canza ba. An ba da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, a ƙarshen 2017. An buɗe ɓangaren Kaduna zuwa Kano a Mayun 2023, ɓangaren Abuja zuwa Kaduna kuwa sai da Gwamnatin Tarayya ta karɓe kwangilar daga hannun kamfanin farko a Nuwamban 2024. Masu hali da suka guje wa masu satar mutane a wannan hanya suka koma jirgin ƙasa, sai ga harin 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe fasinjoji aka kuma kwashe wasu da dama, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Wanda ya san wannan, in ya ga tauraro ya fito da kujera yana shan shayi a bakin daji da magariba, ba ya ganin nishaɗi. Gabansa ne ke faɗuwa.

Duk da haka akwai masu ra'ayin cewa ya kamata a yi irin shirin a nan da 'yan wasanmu, kuma a ganina suna da gaskiya, in an lura da abu biyu. Na farko al'ada ce. Jama'ar Kano ba za su karɓi namiji da mace da ba muharraman juna ba suna kwana a mota ɗaya, Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001 ma ba za ta bari ba. Wannan ba matsala ba ce babba, tunda su kansu Turawan uba da ɗa suka yi, miji da mata suka yi. Ɗaya abin shi ne gaskiya. In aka ɗauki tauraro da rakiyar motocin 'yan sanda a gaba da baya, aka ɓoye su daga hoto, aka nuna wa mutumin Dakata cewa hanya lafiya lau, zai gane a daren farko, kuma ba zai sake kunnawa ba. A nuna rami inda yake, a nuna shingen bincike da abin da ake yi a wurin, a faɗi kuɗin mai da na masauki. A sa tsohon direban tirela a gaban mota kusa da tauraron, shi ya san garuruwan da sunayen masu abinci.

Wannan aiki ne da ya dace da gidan telebijin na jiha, wanda aka kafa da sunan CTV a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, yanzu kuma yake ɗauke da sunansa, ko kuwa tasha irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kuma nuna cewa shirin Hausa na iya tara jama'a. Ɗalibai kuma su tuna cewa labarin tafiya tsohon fanni ne a adabinmu. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Masu karatunsu ba su da kuɗin jirgi, amma sun karanta.

Ba sai an je nesa ba. Madatsar ruwan Tiga da marigayi Audu Baƙo ya gina tana nan, ko da yake otal ɗin Bagauda da ake zuwa hutu a da ya zama makarantar horas da lauyoyi. Akwai duwatsun Rano, da zanen mutanen da a kogunan Birnin Kudu, da rijiyar Kusugu a Daura, da hasumiyar Gobarau a Katsina, kowanne ana iya zuwa a dawo kafin rana ta faɗi. Titin Haɗeja kuwa ta gefen Dakata ya wuce. Wanda ya hau mota a tashar 'Yankaba da safe, kafin azahar yana Haɗeja, daga nan zuwa fadamar Baturiya ba nisa, inda tsuntsaye ke tasowa daga Turai su sauka duk lokacin hunturu.