Komawa makaranta a Faransa: wa zai tsaya ƙofar lakkol ƙarfe 4 da rabi?

Ranar Litinin 1 ga watan Satumban 2025 ɗalibai kusan miliyan 12 suka koma aji a Faransa. Cikinsu akwai ƴaƴan ƴan Nijar da ke zaune a Faris da kewayenta, da Liyon, da Marsai, da sauran garuruwan da neman abinci ya kai uwayensu. Tun da safiyar ranar hotuna suka fara shigowa Maradi da Damagaram ta WhatsApp: yaro da sabuwar jaka, yarinya da sabon takalmi, ana murmushi a ƙofar makaranta. Masu kallo daga gida abin da suke faɗi ɗaya ne, wato waɗannan sun huta, boko kyauta, ga gwamnati na ba da kuɗin kayan karatu.

Maganar ba ƙarya ba ce. Makarantar gwamnati kyauta ce a Faransa, kuma tun shekarar 2019 doka ta tilasta a sa yaro karatu daga shekara 3 zuwa 16. Kafin a koma, ranar 19 ga Agusta, asusun tallafin iyali da ake kira CAF ya zuba wa iyalai wajen miliyan 3 kuɗin komawa makaranta. A 2025 an ba da yuro 423.48 ga yaro mai shekara 6 zuwa 10, yuro 446.85 ga mai 11 zuwa 14, sai yuro 462.33 ga mai 15 zuwa 18. Idan aka juya zuwa sefa, kan yuro ɗaya a 655.957, mafi ƙanƙanta ya kusa jika 278, babban kuma ya haura jika 300. Magidancin da ke Tawa yana lissafin kuɗin kaye da bik na yara biyar, in ya ji wannan adadi dole ya jinjina kai.

Sai dai abin da ya fi ci wa ma'aikaci tuwo a ƙwarya a watan Satumba ba kayan karatu ba ne. Agogo ne.

Ɗan faramare a Faransa awa 24 yake yi a aji kowane mako. A galibin garuruwa ana shiga ƙarfe 8 da rabi na safe a tashi 4 da rabi na yamma, kuma ranar Laraba babu karatu ko kaɗan. Birnin Faris ya bi nasa tsarin: ana zuwa Laraba da safe, amma Talata da Juma'a ƙarfe 3 ake rufe aji. Duk wannan an tsara shi ne da tunanin akwai wani babba da zai kai yaro ya kuma ɗauko shi. A ajin ƙananan yara, masu shekara 3 zuwa 5, malama ba ta sakin yaro sai hannun uwa ko uba, ko wanda suka rubuta sunansa tun farko. Babu zancen "bi yayanka ku tafi". In lokaci ya wuce ba wanda ya zo, aka buga waya ba a samu kowa ba, ƙarshen abin ana iya kiran ƴan sanda.

Yanzu a ɗora wannan agogo kan irin ayyukan da baƙi daga Afirka suka fi samu: sharar ofisoshi, gadi, wanke-wanke a gidan abinci, gyaran ɗakunan otel, kula da tsofaffi, kai saƙo, aikin gini. Sharar ofis galibi ana yin ta ne kafin ma'aikata su zo ko bayan sun tashi, wato daga asuba zuwa wajen ƙarfe 9, sannan daga 6 na yamma zuwa 9 na dare. Lokutan nan biyu su ne daidai lokacin shirya yaro da lokacin ba shi abinci da duba aikin da aka ba shi. Macen da ke wannan aiki tana gida da rana tsaka, sa'ilin da yaranta ke aji, tana kuma cikin jirgin ƙasa sa'ilin da suke buƙatarta. Mai gadin dare yana shigowa gida lokacin da ake fita da yara, sai ya kai su makaranta da ido jajur kafin ya kwanta. Gidaje da yawa haka suke tafiya, miji da mata suna karɓa-karɓa, suna haɗuwa a bakin ƙofa kamar ma'aikatan asibiti masu canjin aiki.

A gida wannan tambaya ba ta ma tasowa. Yaro a Zinder in ya taso lakkol akwai kaka, akwai inna, akwai kishiyar uwa, akwai maƙwabciya da za ta zuba masa fura ba tare da an roƙe ta ba. Ba wanda ya taɓa yi wa wannan hidima kuɗi, shi ya sa ba a ganin ta. A Faransa kowace awa tana da farashi. Tsaron yara na safe kafin a buɗe aji ana biya a garuruwa da dama, na yamma ana biya, cibiyar da ke riƙe yara ranar Laraba ana biya. Abincin rana a makaranta, wanda ake kira kantin, shi ma ana biya gwargwadon samun iyali. A Faris kwano ɗaya yana kamawa daga santim 13 zuwa yuro 7. Mai ƙaramin ƙarfi yana samun sauƙi sosai, amma sai ya kai takardun haraji da na CAF ma'aikatar magajin gari a kan lokaci. Wanda bai kai ba, sau da yawa farashi mafi tsada ake ɗora masa. Kuma duk da an biya, wuraren nan galibi suna rufewa ƙarfe 6 ko 6 da rabi, daidai lokacin da mai shara ke kama aikin yamma.

Albashi mafi ƙanƙanta a Faransa daga watan Nuwamban 2024 zuwa ƙarshen 2025 yuro 1,801.80 ne a wata, abin da ke shiga hannu kuma wajen yuro 1,426, kimanin jika 935 na sefa. A kunnen ɗan gida wannan dukiya ce. Amma na mai cikakken aiki ne, awa 35 a mako, alhali masu shara da yawa ba sa samun cikakkun awoyi. A ciki za a biya haya, wadda a yankin Faris ita ce ke cinye kaso mafi tsoka, a biya katin jirgi na wata, wanda a 2025 yuro 88.80 ne, ko da yake mai aiki yana mayar da rabi. Ɗaukar mai reno daga wannan albashi, ko da tallafin gwamnati, ba kowa ke iyawa ba.

To wa ke cike giɓin? Amsar da ba a cika faɗi a fili ba ita ce babbar ɗiya. Yarinya mai shekara 12 ko 13 ita ke tashin ƙannenta, ta raka su, ta ɗumama abinci, ta karanta wa uwayenta saƙon makaranta da ya shigo ta Pronote, wani lokaci har ta yi tafinta tsakanin mahaifiyarta da malami kan maganar da ta shafe ta ita kanta. Mu a al'adance ba ma ganin aibin wannan, tarbiyya ce. Amma ita yarinyar da takwarorinta ake auna ta a aji, waɗanda suka koma gida suka tarar da tebur da shiru. Sauran giɓin kuma mata ne ke cikewa tsakaninsu: ƴar Nijar ta ɗauko na ƴar Mali yau, gobe ta Gini ta ɗauko nata. Zumuncin bene ya maye gurbin na dangi, yana kuma aiki, sai dai da zarar ɗaya ta tashi daga unguwar komai ya wargaje.

Hutu ma wani nauyi ne. Shekarar karatu mako 36 ce, saura mako 16 yara suna gida, ma'aikaci kuwa hutunsa na shekara mako 5 ne. Bambancin mako 11 kenan da dole a san inda za a ajiye yaro. Na farko ba shi da nisa: a 2025 ranar 18 ga Oktoba aka rufe makarantu na mako biyu, ba a fi mako bakwai da komawa ba. In yaro ya kwanta ciwo, doka ta ba ma'aikaci kwana 3 a shekara, ko 5 in jariri ne ko yaran sun kai uku, kuma ba dole a biya shi kwanakin ba. Duk wanda ya taɓa rainon ɗan shekara uku a lokacin sanyin Turai ya san kwana 3 ba ya kai watan Disamba.

A da wasu iyalai suna da mafita biyu: a kawo kaka ta yi ƴan watanni, ko a aika yara gida lokacin babban hutu. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hanyoyin biyu suka ƙuntata. Kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai tun watan Agustan shekarar, a watan Janairun 2024 kuma Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Nijar. Samun bizar ziyara ga tsohuwa daga Maradi, wanda dama ba sauƙi gare shi ba, ya ƙara nisa. Tafiya gida kuma sai an bi ta wata ƙasa an canza jirgi. Ana tafka muhawara kan dangantakar ƙasashen biyu a matakin shugabanni, amma ɗaya daga cikin wuraren da tsamin ya sauka shi ne ɗakin mace mai yara uku a bayan garin Faris.

Ba kuma kowa ke samun tallafin da ake magana ba. Yaro na da haƙƙin shiga makaranta ko uwayensa na da takardar zama ko ba su da ita, har akwai azuzuwa na musamman ga sabon zuwa da bai iya Faransanci ba. Kuɗin CAF kuwa sai mai takarda, kuma ban da wasu rukunoni kamar ƴan gudun hijira, sai yaron an haife shi a Faransa ko ya shigo ta hanyar haɗa iyali da hukuma ta amince. Akwai gidajen da ƙane ke samu, wa ba ya samu, don shi a Yamai aka haife shi aka kawo shi daga baya. Ɗan shekara 3 zuwa 5, duk da an tilasta masa karatu, ba ya cikin masu samun kuɗin komawa makaranta. Mai takardar ma ba ya barci da ido biyu rufe, domin jinkirin sabunta ta ta intanet yana sa a tsayar da tallafi, wani lokaci har aiki ya kuɓuce. Ga marasa takarda, sanarwar 2012 ta minista Manuel Valls ta buɗe ƙofa ga wanda ya shekara 5 a ƙasar kuma ɗansa ya shekara 3 a makaranta. A watan Janairun 2025 ministan cikin gida Bruno Retailleau ya soke ta, ya kawo wadda ta fi tsanani, mai maganar shekara 7.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya warwarewa. Makarantar Faransa tana da nata ra'ayi kan addini da tarbiyya, kuma ba ta neman shawarar baƙo. Dokar 2004 ta hana ɗalibai sa alamun addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati, a 2023 aka ƙara da abaya. A kantin, kotun ƙoli mai kula da harkokin mulki ta yanke a watan Disamban 2020 cewa ba dole ne gari ya tanadi wani abinci a madadin naman alade ba, ba a kuma hana shi ba, don haka abin ya danganta da magajin garin da mutum ya faɗa hannunsa. Dokar Yulin 2019 ta hana dukan yaro ko da sunan horo. Uban da ya tashi ƙarƙashin bulalar mushe da dorinar malam yana iya samun kansa gaban ma'aikatan jin daɗin jama'a saboda abin da shi a ganinsa gyara ne. Karatun allo kuma sai Asabar ko Lahadi ko Laraba, wato ranakun da ake sa ran hutawa. Hausa ko Zabarmanci, in ba a dage da su a gida ba, cikin ƴan shekaru yaro zai koma ana yi masa magana da harshen uwa yana amsawa da Faransanci.

Wasu ƙofofi a buɗe suke, ba a dai cika shiga ba. Daga 1 ga Satumban 2025 tallafin biyan mai reno ga uwa ko uba mai riƙon yara shi kaɗai ya tashi daga shekara 6 zuwa 12. Akwai shirin da ke koya wa uwaye baƙi Faransanci da yadda makaranta ke aiki, kyauta, a cikin makarantun kansu. A watan Oktoba ana zaɓen wakilan uwaye a majalisar kowace makaranta, kuma kowane uba da uwa na da ƙuri'a, ko ɗan wace ƙasa ne. Ga baƙon da ba ya zaɓen magajin gari ko ɗan majalisa, wannan na cikin ƴan wuraren da ake ƙirga muryarsa, a nan ne kuma ake tattauna lokacin tsaron yara da sha'anin kantin. Matsalar ita ce tarukan da yamma ake yin su, lokacin aiki. Malamin da bai ga uba a taro ba sai ya ɗauka bai damu ba ne, alhali mutumin yana tsaye ƙofar wani kanti da rigar gadi.

Ɗan Nijar da ke waje kuwa komawa makaranta biyu gare shi. Yana gama ta Satumba ta Oktoba za ta taso, domin a watan ne aka saba buɗe makarantu a gida. A 2024 ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage buɗewar daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, abin da ya ba wasu ƴan kwanakin numfashi. Saƙonnin murya za su fara shigowa tun tsakiyar wata: kuɗin makarantar kuɗi na ɗan ƙane, tufafin ɗiyar ya, littattafan mai shirin BEPC. Masu aikowa sun ga hoton ranar 1 ga wata, sun kuma ji labarin jika 278. Shi kuma wanda ake aiko wa, takardar kuɗin kantin ta farko na hanya, kuma bai riga ya san inda zai ajiye yara lokacin hutun Oktoba ba.